Zumunci a ƙafa yake ba a yatsa ba: yadda za ka gama simesta ba ka ɓata da kowa saboda waya ba

Lokacin da nake aji biyu ni da abokin ɗakina mun yi sati uku cur ba ma magana. Ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya, risho ɗaya, in zai shigo ni zan fita, in na dafa taliya sai in ci in rufe saura in yi kamar ban san yana jin yunwa ba. In ka tambaye ni mi ya haɗa mu wallahi kunyar faɗi nake ji. Na tura mai saƙo a WhatsApp kan dubu ukun da na ranta mai, ya buɗe, tik ya yi shuɗi, bai ce uffan ba, can bayan minti goma sai ga shi ya ɗora sitatus yana shan hura yana dariya. Shikenan zuciyata ta gama rubuta labari tun daga farko har ƙarshe, wato ya raina ni, yana da kuɗin hura ba shi da kuɗin biyan bashi.

To wannan rubutun na sababbin ɗalibai ne musamman na makarantun Sakkwato, ko kana Danfodiyo, ko Jami'ar Jiha, ko Shehu Shagari, ko Poli ta Umaru Ali Shinkafi, duk kanwar ja ce. Ni ba malami ba ne kuma ba zan ce maka ka jefar da waya ba don na san ba zai yiwu ba, rijista da ita ake yi, handawut ta nan yake zuwa, kilas ref, wato wakilin aji, in zai sanar da cewa an maido lakca ƙarfe bakwai na safe ta nan zai faɗa, kuɗin da Baba zai turo ma ta nan za ka ji ƙararsu. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka riƙe ta ba ita ta riƙe ka ba, da yadda ba za ta raba ka da mutanen da kuke cin kwano ɗaya ba.

Ka fara da duba lambar da kake tsoro

Shiga saitin wayarka, in Android ce irin su Tecno da Infinix da Samsung ka nemi inda aka rubuta Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time. Zai nuna maka awa nawa ka yi yau a kan waya da kuma wace manhaja ce ta cinye su. Ranar da na fara dubawa awa tara da ƴan mintoci na gani, kuma a ranar nan in ka tambaye ni cewa zan yi ban samu lokacin karatu ba. Kar ka canza komai tukuna, kwana uku kawai ka riƙa dubawa kafin ka kwanta kana rubuta lambar a bayan littafinka, ita kanta kunyar rabin magani ce.

Mu ƴan zamaninmu na san inda cutar ta kama mu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 da aka fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, wata takwas muna gida ba lakca ba tes, daga tabarma sai TikTok, da aka dawo babban yatsa ya riga ya saba, ko a cikin lakca sai ka ji shi yana motsi shi kaɗai. Ku ba ku da wannan uzurin, kar ku ara.

Bayan kwana ukun nan sai ka sa wa manhajar da ta fi cin lokacinka iyaka a nan cikin saitin, misali awa ɗaya a rana, in ta cika za ta rufe kanta. Za ka iya buɗewa da hannunka mana, ba kurkuku ba ne, amma wannan ɗan tsaikon yana sa mutum ya tambayi kansa mi nake nema ne ma.

Raba wayar karatu da wayar hira

Ƙaryar da muka fi yi wa kanmu ita ce "a waya nake karatu". Ka buɗe handawut shafi na uku, saƙo ya faɗo daga sama, ka ce bari in duba wannan ɗaya, ka farka bayan awa guda kana kallon wani yana yanka kankana a ƙasar da ba ka san sunanta ba. Dabarar mai sauƙi ce, ka sauke duk abin da za ka karanta tun da wuri sannan ka kashe data gaba ɗaya kafin ka zauna. In kwas ɗin mai nauyi ne kuma, dan Allah ka je ka buga shi a takarda, ko ku haɗu ku uku ku buga ɗaya ku yi fotokwafi, takarda ba ta da sanarwa, kana iya ja mata layi da biro, kuma ba ta mutuwa don an ɗauke wuta. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025 ma, in ka yi lissafin datar da kake ƙonawa da sunan karatu za ka ga kuɗin fotokwafin bai kai ba. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, guruf ɗin ƴan uwa kaɗai ya isa ya shanye maka datar sati da bidiyon barka da Juma'a.

Maganar guruf-guruf kuwa, kowanne ka rufe mai baki, akwai zaɓin awa 8 ko sati ɗaya ko har abada, ni har abada nake dannawa ba na ko tausayi. Na aji kaɗai za ka bari, shi ma ka maƙala shi a sama tunda WhatsApp na barin mutum ya maƙala hira uku. In guruf ɗin ajinku irin wanda ake gardamar Barcelona da Madrid ne a ciki har sanarwar tes ta nutse, ku sami kilas ref ku ce ya raba biyu, ɗaya na sanarwa wanda shi kaɗai ke iya rubutu, ɗaya na surutu kowa ya ci karensa babu babbaka.

Abin da ya fi yi min aiki duk cikin waɗannan shi ne ƴar ƙaramar wayar nan mai tocila da ake ce wa rakani-kashi. Sati biyu kafin jarabawa nake maida layina ciki, babbar in kulle ta a akwati sai dare in duba sanarwa. Gida za su same ka in sun kira, cajinta na kwanaki, kuma babu abin kallo a ciki sai wasan maciji. In ba ka da ita, in za ku shiga laburare, ko ta Abdullahi Fodiyo da ke Danfodiyo ce ko ta makarantarku, ku yi musanyar waya kai da abokinka, kowa ya riƙe ta wani a aljihu sai an fito sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan abin ba a daren jarabawa ake fara shi ba.

Ɗan tsokaci kan ChatGPT da ire-irensa, manhajojin nan da ake yi wa tambaya su rubuto amsa, tunda tun ƙarshen 2022 ya shigo rayuwar ɗalibai. Ka tambaye shi ya warware maka abin da ba ka gane ba, ba laifi, amma bayan ka karanta ka rufe wayar ka rubuta da hannunka daga kanka, abin da ka kasa rubutawa shi ne ba ka gane ba. Wani lokaci yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, kuma in ku goma kuka miƙa aiki iri ɗaya sak malami ba yaro ba ne. A zauren jarabawa kuma daga kai sai biro.

Caji, zafi da barci

Wanda bai yi Afrilu a Sakkwato ba bai san zafi ba, daga Maris zuwa Mayu sai ya haura digiri 40, ɗaki ya koma tanderu, kowa ya fito da katifa waje, barci ya ƙi zuwa, sai a ɗauko waya wai kafin iska ta sauko. Iskar za ta sauko ƙarfe biyu kai kuma ba za ka ajiye ba sai uku, asuba ta wuce ka, ka iso Dandima inda ake hawa motar makaranta ka tarar da layin bas ya miƙe, ka hau kabu-kabu da kuɗin abincin rana tunda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin hawa ba wasa ba ne, ka isa Dundaye inda Danfodiyo take an rufe ƙofar aji. Duk wannan daga ina ya faro? Daga waya a gefen filo. Ka ajiye ta inda sai ka miƙe tsaye za ka ɗauko, cikin jaka ko saman akwati, ƙararrawar tashi ma ta fi aiki in tana nesa.

Kuma kar ka sa ta caji ƙarƙashin filo ko ka bar ta a rana a wannan zafin, batir ba ya shiri da zafi, shi ne za ka ga ya kumbura ya ɗaga bayan wayar. Soket ɗin ɗaki kuwa ku yi mai doka tun ranar farko, wanda wayarsa ta fi kusa da mutuwa shi ne gaba, kuma ba a cire ta wani sai an gaya mai. Abin kamar wasa ne amma na ga ƙato biyu sun kusa ba hamata iska saboda an zare caja a kashi sittin.

Yanzu ga ainihin maganar, abokai

Doka ta farko, ba a faɗa da rubutu. Rubutu ba shi da murya ba shi da fuska. Kalmar "to" kaɗai ka duba, a baki akwai to ta yarda, akwai to ta mamaki, akwai to ta ka ji da shi, akwai to mai ja wadda ke nufin za mu haɗu, amma a waya duk harafi biyu ne, kuma wanda ransa ke ɓace mafi munin zai zaɓa. Haka "ba komai", haka "Allah ya kyauta", haka "na gode" da aka sa wa ɗigo a ƙarshe. Don haka duk maganar da ta wuce saƙo uku kana jin ƙirjinka ya fara zafi, tsaya. Rubuta "bari mu haɗu bayan la'asar" ka ajiye wayar. Saƙon murya na minti bakwai ma ba mafita ba ne, wannan huɗuba ce, ba wanda ke iya katse ka ya ce a'a ba haka nake nufi ba, kuma ana iya tura shi gaba.

Ta biyu, shuɗin tik. Ka je wajen saitin sirri ka kashe shi. In ka kashe kai ma ba za ka ƙara ganin na wasu ba, kuma wallahi wannan shi ne daɗin abin, ka huta da gadin wa ya karanta wa bai karanta ba. A guruf dai ba a iya kashe shi, can kowa na gani. Mutum na iya buɗe saƙonka yana bayan kabu-kabu, ko malami ya shigo, ko yana tunanin yadda zai ba ka amsa mai kyau ne ya manta, ko kawai kansa ya yi zafi ba ya son magana da kowa, hakkinsa ne. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratul Hujurat cewa mu nisanci yawan zato, amma da mun ga "onlayin" a ƙarƙashin sunan mutum sai karatun ya tashi.

Ta uku kuɗi, nan ne ake yawan yin ɓarin. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ɗalibi kuma ba zai gama simesta bai ranta wa wani ko an ranta mai ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, OPay, PalmPay, Moniepoint, kuma matsalar tiransifa ita ce ba ta da nauyi a hannu, "turo min ɗari biyar" sau shida ya zama dubu uku, kai kana lissafi shi ba ya yi. Ka riƙa rubutawa, kuma ka rubuta a gabansa kuna dariya, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka ba rowa ba ce ba kuma rashin yarda ba. Ku sa rana, "in an turo maka na wata" ya fi "in ka samu". Kar ka ranta wa mutum abin da in bai dawo ba za ka kwana da yunwa, gara ka ce dubu ɗaya zan iya ba biyar ba. In lokacin tambaya ya yi kuma, baki da baki, ku biyu, ba a guruf ba, ba a gaban budurwarsa ba. Kuɗin cefanen ɗaki ma haka, takarda a bango, wa ya sayi mai wa ya sayi shinkafa wa ya cika gas, kowa na gani.

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni haushi don na yi ta da kaina, habaici a sitatus. "Wasu mutanen sai a hankali." "Ka yi wa mutum rana ya yi maka dare." Iyayenmu mata ma da suke habaici a bakin turmi aƙalla kishiya ɗaya ce ke ji kuma ta san da ita ake. Kai ka ɗora mutum ɗari biyu sun gani, biyar a ciki kowa ya ɗauka da shi kake, wanda ka nufa ɗin kuma wataƙila bai da data ranar. Sitatus ɗin awa 24 zai yi ya ɓace, su biyar ɗin nan kuwa sun riƙe. In har abin ya kai ka rubuta wa duniya to ya kai ka taka ka gaya wa mai shi.

Sai sikirinshot, wanda a da sunansa annamimanci kafin ya samu maɓalli. Abin da abokinka ya rubuta maka tsakar dare yana cikin damuwa amana ce, ko da kun ɓata daga baya. In kuma wani ya turo maka hoton hirar da aka zage ka a ciki, kafin ka hau sama ka tambayi kanka mi aka faɗa kafin nan da aka yanke, kuma shi mai turowar mi ya ce a wurin, don wanda ya kawo maka gulmar wani zai kai taka. Kai ma ka san cewa "goge wa kowa" ba ya goge abin da ido ya riga ya gani, hoton kallo-sau-ɗaya kuma ana ɗaukarsa da wata wayar. Ƴan uwa mata da ke hostal, wannan ku ya fi shafa, kar ki ɗauki bidiyo a ɗaki ƙawarki na baya ba ɗankwali ko tana barci ki ɗora, ko da wasa ne, ki tambaye ta tukuna, abin da ke wasa a ɗaki in ya isa wayar yayanta ko wanda zai aure ta ya zama wata magana daban.

Wani abu kuma da ban taɓa tunaninsa ba sai a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Muna da ƴan aji daga can gabas, rana ɗaya suka ɓace mana, sai a lokacin muka gane mutumin da muke hira da shi kullum ba mu san sunan unguwarsu ba balle ƙofar gidansu, sai ta hannun direbobin tasha ake jin ko lafiya. Don haka ka rubuta lambobi biyar a takarda ka sa a jaka, ka haddace biyu, kuma abokanka na kusa ka san gidajensu, in a cikin gari suke, Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, ka je ranar Asabar ka gaida mahaifiyarsa, za ka ga yadda zaman ku zai canza.

In an riga an ɓata fa

Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya ba da kwana uku ne, bai halatta ka ƙaurace wa ɗan uwanka fiye da haka ba, kuma wanda ya fara sallama shi ya fi, mu muka yi ashirin da ɗaya muna salla sahu ɗaya, Allah ya yafe mana. Kwana ukun nan ka yi amfani da su ka huce, kar ka yi bulokin, kar ka fita daga guruf don a tambaye ka mi ya faru, kar ka tara magoya baya. Rana ta uku ka same shi shi kaɗai a lokacin da ba yunwa ba rana, bayan magariba ya fi, ka ce mu je wajen mai shayi. Ka fara da naka laifin ko da ƙarami ne, "na ga saƙonka na yi maka mummunar fahimta" ko "bai kamata in ɗora abin nan ba". Wayar ta zauna a aljihu, da zarar ka zaro ta kana cewa duba nan ranar Talata ƙarfe kaza ka ce kaza, to ka maida shayi kotu, kuma a kotu dole wani ya faɗi. In abin babba ne kamar kuɗi masu yawa ko an taɓa mutunci, ku nemi mutum ɗaya da ku duka kuke jin kunyarsa, wani na aji sama ko limamin masallacin hostal, ɗaya tak, ba kwamiti ba.

Namu da abokin ɗakin nan nawa dai ba ni na fara neman sulhu ba, gaskiya ɗaya ce. Wani dare an ɗauke wuta, wayata ta mutu tasa ma ta mutu, muna kwance a waje kowa ya juya wa ɗan uwansa baya sauro na cin mu, can sai na ji ya ce "Malam, wai mi niy yi maka ne hwa?" Na ce kai ka sani. Ya ce wallahi bai sani ba. Da na zayyana mai sai ya tashi zaune, ya ce saƙon yana cikin lakca ya buɗe shi, ya ce a ransa mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya mi zan rubuta mai, in na koma na gaya mai sai Alhamis za a turo, hoton hurar kuma tun na hutu ne ƙanensa ya turo mai ya ɗora. Da ya dawo da yamma ya tarar na ɗaure fuska ban amsa sallama da kyau ba sai shi ma ya ɗaure tasa, yana jiran in faɗi abin da anka yi min, ni kuma ina jiran ya ba ni haƙuri kan abin da bai san ya yi ba.

Washegari ya ba ni dubu biyu da ɗari biyar a hannu, ya ce sauran ɗari biyar kuɗin taliyar da na riƙa rufewa ina hana shi ne, kuma har muka gama makaranta bai biya ba.